Turken Akawal

A shekarar 2003 mahaifina ya sayo Akawal a kasuwar Maigatari, yana ɗan shekara huɗu. Baƙi ne wuluk, sai ɗan farin tabo a goshi. A kansa na koyi ɗaura sirdi da riƙon linzami. Da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa a 2015, 'yan'uwana suka ɗauki gona da shago, dokin kuwa ya faɗo a rabona, ban kuma taɓa jin an ƙware ni ba.

Ranar Hawan Daushe na ƙaramar sallar 2022 na san tsufa ya cim masa. Muna cikin tawagar hakiminmu a Ƙofar Kudu, na sakar masa linzami domin jafi, sai na ji ƙafarsa ta gaba ta lanƙwashe. Ya daure ya kai ni gaban Sarki, amma da muka koma gida ko kallon harawa bai yi ba. Likitan dabbobi ya ce ciwon gaɓoɓi ne irin na tsufa, kada a ƙara yin sukuwa da shi.

Turke ɗaya ne a gidanmu na cikin birni, kuma albashin malamin makaranta ba ya ɗaukar gero da dusa da kanwar dawaki biyu. Dole Akawal ya tashi kafin wani ya shigo.

Dillalin da ya fara zuwa ya ba ni mamaki. Bai duba haƙori ba, bai ce a zagaya da shi ba, cinyoyi da haƙarƙari kawai ya yi ta lalubawa. Na tambaye shi inda za a kai dokin, ya ce, "Malam, kai dai karɓi kuɗinka. Jibi motar kudu za ta tashi." A nan na gane nama yake tayawa. Ba zan ɓoye ba, kwana biyu na yi ina lissafi, domin kuɗin sun kai rabin na sabon doki. Mahaifiyata ce ta raba gardamar. Ta ce, "Shekara goma sha biyu yana ɗaukar ubanka bai taɓa kayar da shi ba. In ka sayar wa mahauta, kada ka shigo mini da kuɗin gida."

Wani saurayi mai ba da hayar dawaki a bikin angwaye ya taya, na hana, don na san sukuwar da likita ya hana ita ce sana'arsa. Daga ƙarshe na tafi ƙauyenmu a ƙasar Dambatta wajen Baffa, ƙanin mahaifina. Yana da fili mai rairayi, inuwar tsamiya da rumbun harawar gyaɗa. Na roƙe shi ya riƙe Akawal, ni kuma in riƙa aiko da gero duk wata. Ranar da muka kai shi, sai da na kwance ragamar da hannuna na juya baya, sannan ya yi haniniya. Ban waiwaya ba.

Wata bakwai turken yana wofi ina tara kuɗi. Wata Alhamis muka tafi Maigatari da Baffa, inda fatake ke shigo da dawaki daga Nijar. Duk baƙin dokin da na hango sai in nufe shi, har na nace wa wani mai tabo a goshi, alhali ƙafarsa ta baya tana ja. Baffa ya janye ni gefe ya ce, "Ɗana, doki ka zo saye, ko ubanka ka zo nema?" Kunya ta rufe ni, domin ya faɗi abin da nake ɓoye wa kaina. Ashe gaskiyar masu magana ce, sabo turken wawa.

Daga nan na bar shi ya yi aikinsa. Ya buɗe bakin wani bikili ya nuna mini haƙoransa sun gama fitowa, alamar shekara biyar ke nan. Ya ɗaga kofatansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ja shi gaba aka dawo da shi, aka yi sukuwa da shi, sannan ya kara kunne yana sauraron numfashinsa. Shi muka saya, ko kaɗan bai yi kama da Akawal ba.

Bikilin yana da gardama, har yau yana tsorata da ƙarar bindiga. Kullum da yamma nakan fita kilisa da shi, ina koya masa abin da wani doki ya koya mini. Ƙarshen wata kuma nakan ɗaura buhun gero a babur in nufi Dambatta. Nakan tarar da Akawal a gindin tsamiya, jikokin Baffa suna tsefe masa geza, ya ɗago kai tun kafin in kashe babur.