Dariyar waya a Tamanrasset

Bidiyon raha idan ya zagaya duniya ya iso Tamanrasset, yakan tarar da jama'a a rarrabe. Ɗan Arlit da ya karɓi ladan aikin gini yau, da sauti ya tashi sai ya ƙyalƙyace. Na kusa da shi, wanda aka kwashe ƙaninsa aka sauke bayan In Guezzam ya taka kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka, kallo ɗaya zai yi ya miƙa wayar. Ban ga laifin ɗayansu ba.

Na lura wanda ya fi shiga a nan shi ne Khaby Lame, haifaffen Senegal da ya zarce kowa mabiya a TikTok a 2022 ba tare da ya buɗe baki ba. A garin da ake cakuɗa Larabci, Buzanci da Hausa a rumfa ɗaya, buɗe tafin hannu irin nasa ya wadatar. Buzayen Ahaggar ma, da rawani ya rufe musu baki, a ido ake gane dariyarsu, wajen shayi na biyu ko na uku.

Tamu rahar kuwa tana son sanayya. Bafillace ya tsokani Babarbare, Bakano ya zolayi Bazazzagi, kowa ya san iyakarsa tun kaka da kakanni, har UNESCO ta sanya wasan barkwancin Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ɗauki wannan zolayar ka ɗora a waya, Balaraben da ya zo daga Oran sai ya ɗauka faɗa ake. Shi kuma tasa zolayar, mai sauri da ɗaci, ni har yau sai an yi mini bayani.