Na'urar jabu da na zaɓa ido buɗe

Na ƙuduri aniyar harhaɗa ƙaramar na'urar wasan bidiyo wadda ba ta wuce tafin hannu ba, domin ɗana ya ɗanɗana abin da ya cinye mana yammacin ƙuruciya. Zaɓi uku ne a gabana.

Na farko Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai kwaikwayon tsohuwar na'ura ta hanyar manhaja. Tana da araha, sai dai akan samu ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da tsallen Mario. Na biyu allon FPGA irin na MiSTer, wanda ake tsara da'irorinsa su yi aiki tamkar na asali. Ingancinsa ba a magana, tsadarsa ma haka. Na uku guntun lantarki guda da aka dunƙule aikin Famicom a cikinsa, wato na'urar da Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Irinsa ne ke cikin na'urorin jabu da suka cika kasuwanni.

Masana ba su yi masa kyakkyawar shaida ba: sautinsa ya ɗan karkace, kuma wasanni irin su Castlevania III sukan ƙi tashi a kansa. Saura ƙiris in watsar da shi, sai na saurari kiɗan Super Mario Bros. daga na'urar asali, na ji shi baƙo a kunnena. Ashe gidanmu bai taɓa ganin Nintendo na gaskiya ba. Kwafi muka sani, da kaset mai ruwan ɗorawa da ke alƙawarin ɗaruruwan wasanni, alhali 'yan kaɗan ne ke maimaita kansu.

Na ukun na saya. Wannan karkataccen sautin nake so yaron ya ji, domin da shi ubansa ya tashi.