Daga Bakin Kogi Zuwa Bakin Teku

Garin Malanville yana can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a bakin Kogin Kwara. Gada ce kawai ta raba shi da garin Gaya na ƙasar Nijar. Gari ne na kasuwa. Ga albasa, ga shinkafa, ga kifi da hatsi da dabbobi, kafin a rufe iyaka a 2023 kuma ga manyan motoci masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai. Dandawa ne suka fi yawa, amma akwai Fulani da Zabarmawa da Hausawa, kuma wanda ya iya Hausa ba zai rasa abokin ciniki ba. Yawancin mutanen garin Musulmi ne. Kirista 'yan kaɗan ne, da yawansu aiki ko fatauci ne ya kawo iyayensu. 'Yan Katolika na garin suna ƙarƙashin dayosis ɗin Kandi, wanda aka kafa a shekarar 1997.

A cikin wannan ƙaramar jama'a aka haifi wani yaro, ɗan wani bakanike mai gyaran manyan motoci. Tun yana ƙarami yake hidima a gaban bagadi. Kiran sallar asuba daga masallacin unguwarsu shi ne agogonsa: da ladan ya ɗaga murya, sai uwarsa ta tashe shi ya wanke fuska ya tafi coci. A ƙaramar majami'a ba a ɓoyewa. In ya yi fashin Lahadi guda, kafin azahar an zo gida tambaya ko lafiya. Har maƙwabcinsu, wani Alhaji mai fataucin albasa, in ya gan shi a ƙofar gida ran Lahadi da hantsi yakan ce, "Kai, yau ba ranarku ba ce?"

Yaron yana da ƙoƙari a makaranta. Da ya ci jarrabawar BAC a shekarar 2021, sai shawara ta tashi a gidan. Akwai jami'ar gwamnati a Paraku, wadda aka buɗe a 2001, ta fi kusa, ta kuma fi araha. Amma uban ya ƙudura a ransa cewa ɗansa jami'ar Katolika zai tafi, wadda ke Kwatano. Wannan jami'a reshe ce ta Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, wadda ake kira UCAO a taƙaice. Bishop-bishop na ƙasashen yankin masu amfani da Faransanci ne suka kafa ta a shekarar 2000, tana da rassa a birane kamar Abijan, Bamako, Bobo-Dioulasso, Lome da Kwatano. Yaron ilimin noma yake so, domin ya tashi yana ganin wahalar manoman shinkafa da albasa a fadamar garinsu.

Kuɗin makarantar ba kaɗan ba ne ga bakanike. Uban ya sayar da wani fili da ya daɗe yana ajiya. A daren da zai yi sallama da ɗansa ya ce masa, "Ɗana, ba don takardar shaida kaɗai na sayar da filin nan ba. Daga hannun Fada na ɗauke ka, a hannun Fada kuma na sa ka. Hankalina a kwance yake." Yaron ya ce, "To, Baba." Uban yana zato sunan Katolika da ke jikin allon makaranta zai tsare masa ɗa, kamar yadda shinge yake tsare gona. Iyaye da yawa haka suke zato.

Tafiyar ta fi kilomita 700. Mota takan bi ta Kandi, da Paraku, da Dasa inda masu ibada suke taruwa a kogon dutsen Maryamu kowane watan Agusta, sannan ta gangara har bakin teku. Yaron da bai taɓa wuce Kandi ba sai ga shi a cikin birnin da 'yan babur masu rigar rawaya suke yawo kamar tururuwa. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yawan majami'u. A kudancin Benin Kirista ba baƙi ba ne. Tun 1861 'yan mishan Katolika suka sauka suka zauna a Wida. Daga wannan ƙasa aka sami Kadinal Bernardin Gantin, wanda filin jirgin saman Kwatano yake ɗauke da sunansa. Babban bishop Isidore de Souza ne ya shugabanci babban taron ƙasa na watan Fabrairu 1990, wanda ya buɗe wa ƙasar hanyar mulkin jam'iyyu da yawa. Yaron ya ce a ransa, a nan kam riƙon addini ba zai yi wuya ba.

Ashe ba haka abin yake ba. Lahadin farko ya shiga wata babbar majami'a, mutane maƙil, ba wanda ya san shi, ba wanda ya tambaye shi daga ina. Aka yi ta waƙoƙi da harshen Fon, shi ko kalma guda ba ya ji. A aji kuma, da ya ce daga Malanville yake, sai wani ya yi dariya ya ce, "Ashe akwai Kirista a can?" Ba da mugun nufi aka faɗa ba, amma maganar ta soke shi. A gida ana ce masa ɗan 'yan kudu saboda addininsa, a kudu kuma ana ce masa ɗan arewa saboda harshensa. Ya zama kamar jemage, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba.

Ba a rufe masa ƙofa ba. Akwai Fada mai kula da ɗalibai, ana yin Mas, ana sanar da taron addu'a da na mawaƙa. Ba a kuma tilasta wa kowa, gama makarantar tana karɓar Musulmi da 'yan sauran ɗariku. Shi dai kunya da kaɗaici ne suka riƙe shi. Ya yi fashin Lahadi guda, ba wanda ya zo tambaya. Ya yi na biyu, shiru. Kafin Kirsimeti ya riga ya saba. Bai faɗa shaye-shaye ba, bai bi miyagun abokai ba, bai kuma ce ya bar bangaskiya ba. Abin ya dushe ne a hankali, kamar garwashin da aka janye daga murhu aka ajiye shi kaɗai. In uwarsa ta buga waya ta ce, "Ka je coci?" sai ya ce, "Na je, Inna." Wannan ƙarya ta fi fashin kansa yi masa nauyi.

Ran Lahadi sai ya riƙa hawa babur zuwa unguwar Zango, inda Hausawa da sauran 'yan arewa suke zaune. A can yakan ji harshen kasuwar garinsu, ya ci tuwo, ya sha fura, ya ji kamar yana gida. Akwai wani dattijo mai shago, ɗan'uwan Alhajin nan maƙwabcinsu, wanda aka haɗa shi da shi tun daga gida. Dattijon ya yi makonni yana lura da shi. Wata Lahadi a farkon shekarar 2022, bayan sun gaisa, sai ya ce, "Ɗana, zo nan. Na san mahaifinka. Shekara ashirin ina kai masa mota gyara, ban taɓa samun garejinsa a buɗe ran Lahadi da safe ba. Kai me kake yi a nan a wannan lokaci?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ban san kowa a can ba." Dattijon ya ce, "Ni da na zo garin nan ban san kowa a masallaci ba. Na shiga sahu, sannan na san mutane. Tashi ka tafi. In an tashi ka dawo, abincinka yana nan."

Mai karatu, ka lura da hanyar Ubangiji. Wanda ya kora ɓataccen ɗan rago zuwa garke ba limamin coci ba ne, Musulmi ne mai tsoron Allah. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san zaman arewacin Benin. A can ne, a Paraku, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zauna da shugabannin Musulmi a watan Fabrairu 1993, ya ƙarfafa zaman tare da girmama juna.

A makon nan yaron ya je wurin Fada mai kula da ɗalibai. Ya yi ikirarin zunubansa, ya faɗi ƙaryar da yake yi wa uwarsa. Fadan bai yi masa faɗa ba. Ya tambaye shi, "Me ka iya?" Ya ce ya iya hidimar bagadi, ya kuma iya Dandanci da Hausa. Fadan ya ce, "To, jibi da yamma akwai waɗanda suke bukatarka." Ya haɗa shi da wani ƙaramin rukuni na ƙungiyar ɗalibai Kirista da ake kira JEC. Tsarin wannan ƙungiya ya samo asali daga wani Fada ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Joseph Cardijn, kuma hawa uku ne: a duba abin da ke faruwa, a auna shi da Bishara, sa'an nan a tashi a yi wani abu. Su bakwai ne ko takwas, sukan zauna a aji bayan an tashi. Ran nan maganar marasa lafiya 'yan arewa suke yi, waɗanda ake kawowa asibitocin birni ba su jin Faransanci ba su jin Fon. Harshen da yake jin kunyarsa sai ga shi shi ake nema. Ya fara bin su ziyara ran Asabar yana yi wa majinyata tafinta.

Daga nan sauran ƙofofi suka buɗu. Ya shiga ƙungiyar mawaƙa, ya koyi waƙoƙin Fon, shi ma ya koya musu wata ta arewa. A lokacin azumi kafin Ista ya bi 'yan'uwa addu'ar Hanyar Gicciye kowace Juma'a. Ya fara zuwa Mas a tsakiyar mako, ba don ana duba shi ba. A gida idon jama'a ne yake kai shi coci. Yanzu ƙafarsa ce take kai shi.

Abin da Ikilisiya take nema ke nan ga jami'o'inta. A ran 15 ga Agusta 1990 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar da wata takarda a kan jami'o'in Katolika mai suna Ex Corde Ecclesiae, wato daga zuciyar Ikilisiya. A ciki ya nuna cewa kiwon rayukan ɗalibai sashe ne na aikin jami'a, ba ƙari ba. Ya ce a ba su zarafin haɗa karatu da addu'a da hidimar matalauta, a kuma girmama lamirin waɗanda ba 'yan Katolika ba. Ma'anar wannan ita ce jami'a za ta haƙa rijiya, ta sa guga, amma ba za ta ɗura wa kowa ruwa a baki ba.

Gwajin ya zo a shekararsa ta uku. A ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka yi juyin mulki a Nijar. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanville. Manyan motoci suka yi dogon layi a bakin hanya, kaya suna lalacewa, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Motar da ba ta tafiya ba ta bukatar bakanike. Uban ya buga waya, murya a sanyaye, ya ce, "Ɗana, bana ba ni da abin biya. Ka dawo gida tukuna."

Da a shekararsa ta farko abin ya faru, da ya ɗaure jakarsa ya tafi ba wanda ya sani. Yanzu kuwa yana da waɗanda za su ga gurbinsa. Ya yi kwana uku yana ɓoye maganar, amma wata 'yar rukuninsu ta ga fuskarsa ta matsa masa har ya faɗa. Suka duba, suka auna, suka tashi. Mawaƙa suka yi karo-karo. Wani ɗalibi ya samo masa yara biyu da zai riƙa koya wa lissafi da yamma a biya shi. Fada ya raka shi ofishin kuɗi aka yarda ya biya kaɗan-kaɗan. Wani abokin ajinsa Musulmi daga Jugu ya kawo nasa a ambulan, ya ce kada a faɗi sunansa. Dattijon Zango kuma ya ɗauke masa abincin dare har ƙarshen shekara. Kuɗin bai zo da yawa ba, amma ya kai. Ya gama karatunsa a 2024.

Ran da ya koma Malanville, bayan an ci abinci, ya durƙusa gaban uwarsa ya gaya mata ƙaryar da ya yi mata a watannin farko. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Na sani. Muryarka ce ta gaya mini. Shi ya sa ban daina tambaya ba." Uban kuwa ya daɗe bai ce kome ba. Daga baya ya ce, "Ashe ni na ɗauka na sa ka a cikin shinge." Yanzu saurayin yana aiki tare da manoman shinkafa, ran Lahadi kuma yana taimakawa wajen koya wa yara katikisim.

Akwai abin koyi a nan ga iyaye da shugabannin ƙananan ikilisiyoyi na kan iyaka. In yaro zai tafi jami'a, ko ta Katolika ce ko ta gwamnati, kada a sallame shi da kuɗin mota kaɗai. A ba shi wasiƙa daga Fadan garinsu zuwa ga mai kula da ɗalibai, domin a san da zuwansa tun makon farko. In an buga masa waya, kada a tsaya ga tambayar ko ya je coci. A tambaye shi sunayen waɗanda yake addu'a tare da su. Ɗaliban da suka riga suka saba da wuri kuma su riƙa duba bencin baya, inda baƙo yakan zauna shi kaɗai ya fita kafin a gama waƙar ƙarshe. Ga ɗalibi kansa, kada ya jira sai ya san mutane kafin ya shiga. Shiga ce take kawo sani.

Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke karatu nesa da gida, ya haɗa su da mutanen kirki, ya dawo da su da ilimi da bangaskiya. Amin.