Bebayen Baƙaƙe

A shekara ta 1987, bayan an gama girbi, ikkilisiyarmu ta ƙauye a ƙasar Maraɗi ta yi shawara ta aike ni karatun Littafi Mai Tsarki a Nijeriya. Ba mu da yawa, ba mu kuma da wadata. Maza suka kawo damman gero, mata suka kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, aka kai kasuwa aka sayar, aka haɗa mini kuɗin mota da guzuri. Wata tsohuwa gwauruwa ta kwance bakin zanenta ta ba ni dala ashirin, ta ce in sha ruwa a hanya. Na bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, na kwana a Kano, kashegari da yamma na isa makarantar.

Na tafi da ƙarfin zuciya. Tun ina yaro na iya karatun Hausa a ajin majami'a, na yi lakwal shekara shida da Faransanci, na kuma taɓa Ingilishi kaɗan a kwaleji kafin rashin lafiyar mahaifina ya mai da ni gona. Amma makarantar nan da Ingilishi take koyarwa, sai wanda ya ci jarrabawar shiga ake karɓa. Tambayoyin Littafi ba su ba ni wuya ba. Da aka zo shifta, wadda mu a lakwal muke kira dikte, nan ne ƙasa ta tsage mini. Malamin ya faɗi kalmomi 40, ni kuwa na rubuta kowace ɗaya yadda kunnena ya ji ta, gama haka Hausa ta koya mini. Ya ce night, na rubuta nait. Ya ce lamb, na rubuta lam. Ya ce psalm, na rubuta sam. Ya ce pray, na rubuta frei. Kalmomi 9 kaɗai na samu daidai.

Faɗuwar ba ta yi mini ciwo kamar abin da ya biyo baya ba. Malamin ya ɗaga takardata a gaban kowa, ya riƙa karanta abin da na rubuta ɗaya ɗaya, ɗaki ya ɗauki dariya. Ban ce kome ba. A motar komowa ban iya cin guzurina ba, ina ta tunanin damman geron nan da dala ashirin ta tsohuwa. Ranar Lahadi na tsaya a gaban ikkilisiya na faɗa musu gaskiya. Ba wanda ya zarge ni, wannan kuwa ya ƙara mini nauyi. A zuciyata na riga na yanke hukunci cewa kaina ne ba ya ja.

Bayan wata biyu na shiga Maraɗi neman aikin rani. A majami'ar da nake zuwa akwai wani mutumin Gana da yake koyar da Ingilishi a wata kwaleji, kowa Ticha yake kiransa. Ya tashi a zangon Kumasi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, ko da yake da ɗan karin harshen can. Fasto ne ya ba shi labarina. Ya kira ni gidansa, muka zauna a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ya ce in sāke rubuta masa kalmomin da na fāɗi a kansu. Ya duba, bai yi dariya ba. Ya ce, “Ƙanena, kunnenka lafiya lau yake. Abin da aka faɗa shi ka rubuta. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, Ingilishi ba da kunne kaɗai ake rubuta shi ba.”

Sai ya rubuta kalmar nan ta Hausa a ƙasa da yatsa: baƙi. Ya ce in karanta. Na tambaye shi wanne yake nufi, baƙi na rubutu, ko baƙin launi, ko baƙi waɗanda suka zo daga nesa. Ya yi murmushi ya ce, “To, ka gani? Gari kuma fa, na zama ne ko na tuwo? Kai ka sani don an haife ka a cikin harshen. Bature mai koyon Hausa kuka yake yi a nan, gama rubutunku ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Kowane rubutu yana da abin da yake ɓoyewa.” Ya kuma tuna mini da Faransancin da na sha bulala a kansa, inda ake rubuta doigt da baƙaƙe biyar a faɗi kamar uku. Ashe na riga na haye irin wannan kogi sau ɗaya ban lura ba.

Daga ranar nan nakan je wurinsa sau uku a mako, bayan la'asar. Baƙaƙen da ake rubutawa ba a faɗarsu, bebaye yake kiransu. Yakan ce kowane bebe baƙo ne, in ka tambayi inda ya fito za ka daina jin tsoronsa. Shi ya fara ba ni tarihin a taƙaice, shekarun kuwa daga baya na same su a littattafai. Ingilishi yana da haruffa 26, amma sautukan da ake faɗa sun kai wajen 44, saboda haka tun farko rigar ba ta ishi mai ita ba. A shekara ta 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fāda, marubuta suka shigo da kalmominsu da irin hannunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya. Bakin mutane kuwa bai tsaya ba. Tsakanin wajen 1400 da 1700 mutanen Ingila suka sauya yadda suke faɗin dogayen wasula. A dā wasalin name kamar namu “a” mai tsawo yake, na time kuma kamar “i” mai tsawo. Ana faɗin k na knee da knife, ana faɗin b na lamb, gh na night da light kuma wani sauti ne daga maƙogwaro, kusa da kha ta Larabci. Sautukan suka mutu, baƙaƙen suka zauna a takarda kamar kufai.

Waɗansu bebayen ma da gangan aka shigo da su. Na san dette da doute a Faransanci, daga can Ingilishi ya aro su, amma masana suka cusa musu b don a tuna asalinsu na Latin, suka zama debt da doubt. P na psalm daga Helenanci ya zo, inda ake faɗinsa. Ƙamus na Samuel Johnson na 1755 ya ƙara kafa rubutun Ingila, na Noah Webster na 1828 ya kafa na Amurka. Shi ya sa littafi ɗaya zai rubuta Saviour wani ya rubuta Savior, dukansu kuwa daidai ne. Boko namu na Hausa yaro ne in an gwada shi da wannan. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ya fito, baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a shekarun 1930 suka kafu. Rubutunmu yana kusa da bakinmu domin bai daɗe ba tukuna.

Sanin tarihi kaɗai ba ya cin jarrabawa, Ticha kuwa ya san haka. Ya sa na raba kaye ɗina kashi uku. Kashi na fari na kalmomi masu tafiya garke garke ne: in ka iya light, ka sami night da right da fight da might a kyauta. Kashi na biyu na kalmomin da danginsu ke tona musu asiri ne. G na sign bebe ne, amma a signal da signature yana magana. N na hymn shiru yake, a hymnal sai ya buɗe baki. W na two ana jinsa a twin da twelve da twenty. Heal ne ya haifi health, shepherd kuma sheep ne da herd aka haɗa. Kashi na uku na ƴan tawaye ne, irin su said da one da busy, waɗanda haddacewa ta fi sauƙi a kansu. Biyar yake ba ni a rana, ba ya ƙarawa. In dubi kalma da kyau, in rufe ta da hannu, in rubuta a rairayi, in buɗe in gwada. Wadda na ɓata, ita ce ta fari gobe. Saboda rikicinmu na Hausawa tsakanin p da f kuwa, yakan sa in faɗi pull da full ina kallon madubi, in ga leɓuna biyu sun haɗu a ta fari, haƙora sun taɓa leɓe a ta biyu.

A 1989 na koma na ci jarrabawar. Tsohuwar nan ba ta ga ranar ba, Ubangiji ya riga ya kira ta.

Da labarin ya ƙare a nan da na ji daɗi, amma akwai saura, dole in faɗa. A 1996 ni ne nake koyar da ajin Ingilishi na dare a majami'armu. Akwai wani saurayi tela, mai ƙwazo, ba ya fashi. Wata rana a shifta ya rubuta sun inda ake nufin Son, ya rubuta piece inda ake nufin peace. Na ɗaga takardarsa na ce wa aji, “Ku ji, telanmu ya mai da Ɗan Allah rana, ya mai da salama ƙyalle!” Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai da na ga ya sunkuyar da kai na gane muryar wanda ta fito daga bakina. Bai zo ba mako na gaba. Na tafi shagonsa na roƙe shi gafara. Ya tashi ya ba ni kujera ya ce, “Ba kome, Malam, ya wuce.” Amma bai ƙara taka ajin ba. Har yau ina ɗauke da wannan.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da na karanta Littafin Mahukunta sura 12 sai jikina ya yi sanyi. Mutanen Gileyad suka tsare mashigan Urdun, suna sa kowane mai son hayewa ya faɗi kalma guda, Shibolet. Mutumin Ifraimu ba ya iya fitar da sautin farko daidai, a kan wannan sai a kashe shi, har mutum 42,000 suka hallaka. Dukansu kuwa zuriyar Yakubu ne. Ƴan'uwana malamai, mu ma a bakin mashigi muke tsaye. Ga yaranmu da yawa Ingilishi shi ne hanyar makaranta, da littattafan tauhidi, da aikin yi. An sa mu a can domin mu haye da mutane. Gyara wajibi ne, gama wasiƙar neman aiki mai cike da kuskure ba ta kai mai ita ko'ina. Amma a gyara a keɓe, a faɗi dalili, a kuma fara nuna wa ɗalibi abin da ya yi daidai. Wanda ya rubuta nait ya nuna yana ji, ya kuma san aikin baƙaƙe. Abin da ya rage masa labari ne da maimaici, ba bulala ko dariya ba.

Yanzu yara suna da wayar hannu mai gyara musu rubutu, na kuwa gode wa Allah saboda ita. Sai dai in ka rubuta prey a wurin pray ba za ta ce maka uffan ba, domin dukansu kalmomi ne, ga shi kuwa ɗaya addu'a ce, ɗaya abin farauta. Har yanzu ana bukatar mutum ya zauna kusa da mutum.

Kwanan baya jikata ta dawo daga makaranta fuska a murtuke, an ja mata jan layi a ƙarƙashin Wensday. Ta ce, “Kaka, me ya kawo d cikin Wednesday, ba a ma faɗinsa?” Na ce ta ɗauko tabarma. Na gaya mata kakannin Ingilishi suna da wani gunki mai suna Woden kafin bishara ta kai gare su, ranar Laraba kuwa ranarsa ce. Gunkin ya tafi, d ɗinsa ya zauna. Ta yi dariya, ta share ƙasa da tafin hannu, ta rubuta, ta rufe, ta sāke rubutawa. Karo na uku ta samu daidai. Ta ɗaga kai ta ce, “Saura nawa yau?” Na ce saura huɗu.