Akumarin Jaki a Bayan Ingarma

Hausawa na cewa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan magana gaskiya ce, amma fa ba ta gaya mana da me za a gwada ba, ba ta kuma faɗi wanda zai riƙe ma'aunin ba. Duk wanda aka taɓa aika kasuwa sayen hatsi ya san mudu ba ɗaya ba ne. Akwai mudun saye, akwai na sayarwa, akwai wanda aka buge wa gindi ya shige ciki, akwai kuma mai awon da kan tara hannu ya ƙara maka, in ya ga dama kuma ya janye. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarin wani awo na zamani da aka yi a gabana, da abin da na tsinta a cikinsa. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗalibin Hausa da hanjin kwamfuta, to amma in mai karatu ya yi haƙuri zai ga maganar ba ta yi nisa da ajinmu ba.

Kafin in shiga labarin, ya kamata in ɗan share fage. Kowace waya ta zamani tana da babbar manhaja, watau wadda ke tafiyar da dukkan sauran manhajojin da ke cikinta, kamar yadda maigida ke tafiyar da gida. Wadda ta fi yawa a aljihunmu ita ce Android. Wani Ba'amurke, Andy Rubin, da abokansa suka kafa kamfaninta a jihar Kalifoniya a 2003, Google ya saye shi a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita kuwa, HTC Dream, ta fito a 2008. An gina ta a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi kamarmu a Jami'ar Helsinki. Tun daga haihuwarta tarbiyyar tsimi aka yi mata: ta tattala batir, kada ta bari waya ta yi zafi, ta yi aiki da ɗan abin da ta samu. A taƙaice dai akumarin jaki ce, an ɗinka ta domin dabba mai juriya da ƙarancin ci.

Kwamfutar tebur ta masu wasanni kuwa ingarma ce, ba ta san tsimi ba. Katin hoto guda ɗaya irin RTX 4090, wanda ya fito a 2022, yana iya shan wuta wat 450, alhali kuwa waya ɗungurungum 'yan wat ƙalilan take sha. Bayan haka, ƙwaƙwalen biyu ba harshe ɗaya suke ji ba. Ta waya tana bin tsarin ARM, wanda kamfanin Acorn ya fara ƙerawa a Kambirij ta Ingila a 1985. Ta kwamfutar tebur tana bin tsarin x86, wanda ya samo asali daga Intel 8086 ta 1978. Umarnin da aka rubuta wa ɗaya, ɗayar ba ta fahimtarsa. Don haka ne wasu masu sa kai, ciki har da wani mutumin Taiwan, Chih-Wei Huang, suka fara wani aiki mai suna Android-x86 a 2009, domin su juya Android ta hau kwamfuta.

To, abokin zamana a ɗaki ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Ya yi shekara biyu yana gyaran wayoyi lokacin hutu, yana tara kuɗi, yana sayen kayan kwamfuta na hannu ɗaya bayan ɗaya, har ya haɗa irin wannan ingarma, mai fankoki da fitilu masu sauya launi. Wata Asabar sai ya shigo da filasha a hannu, ya ce da ni, "Malam Bahaushe, yau za ka ga abin mamaki. Zan ɗora wa wannan akwati Android, in auna ta da mudun da ake auna wayoyi, in nuna wa masu yi mana kurin sabuwar waya cewa wasan yara suke yi." Na ce, "Mutumina, gani ya kori ji." Na jawo kujera, na ɗauki takarda da biro, na zama magatakarda.

Mudun da yake nufi wasu manhajoji ne da aka yi musamman domin awon ƙarfi. Sukan ba na'ura wasu ayyuka ƙayyadaddu, kamar lissafi da matse fayil da zana hoto mai motsi, su duba tsawon lokacin da ta ɗauka, sa'an nan su ba ta maki. Akwai Geekbench ta wani kamfani a Kanada, wadda ke auna ƙwaƙwalwa. Akwai 3DMark, 'yar asalin ƙasar Finlan, mai auna zanen hoto. Akwai kuma AnTuTu ta ƙasar Sin, wadda ke tara komai ta ba da jimla guda, ita ce kuma masu tallar waya suka fi son ambata saboda yawan sifirinta.

Awon farko na ƙwaƙwalwa ne, kuma a nan ingarma ta nuna ita ingarma ce. Ayyukan da wayata ta daɗe tana nishi a kansu, har bayanta ya yi ɗumi, kwamfutar ta gama su kafin shayinmu ya huce. Makinta ya yi wa na wayoyinmu biyu fintinkau. Abokina ya miƙe yana taku ɗai-ɗai a tsakar ɗaki, sai ka ce shi ya yi lissafin da kansa.

Da aka zo awon hoto sai labari ya sha bamban. Hoton da ya kamata ya gudana kamar ruwa sai ya riƙa tafiya yana tsayawa, kamar tsoho mai ciwon gwiwa. Katin hoton nan kuwa shi ne mafi tsada a duk cikin akwatin, kuɗinsa ya fi na wayoyinmu biyu a haɗe. Abokina ya yi ta bincike har ya gano dalili. Ashe kowane kati yana bukatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke isar da umarni tsakaninsa da babbar manhaja. Android ta kwamfuta ta dogara ne ga direbobin da masu sa kai suka rubuta, ba su kuwa dace da kowane kati ba. Da ta rasa hanyar yi wa katin magana, sai ta ƙyale shi, ta ɗora wa ƙwaƙwalwa aikin zane, aikin da ba nata ba. Katin yana nan a zaune, fankarsa na juyawa, yana shan wuta, bai tsinana komai ba.

Sai abokina ya kashe kwamfutar, ya zare katin, ya mai da wayar allo jikin ɗan ƙaramin mazanin da ke haɗe da ƙwaƙwalwa, wanda masu wasanni ke rainawa. Nan take hoto ya saki jiki, maki ya ɗaga. Ƙaramin da ake jin harshensa ya kada babban da ba mai iya yi masa magana. Na rubuta wannan a takardata, na ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Daga nan muka bar awo muka koma ainihin amfani, nan ne kuma na ga abin da ya shafi fannina. Yawancin wasannin waya da harshen ARM aka rubuta su, saboda haka dole a sa tafinta tsakani. Akwai wata manhaja ta Intel mai suna Houdini da ke wannan aiki, tana juya umarnin ARM zuwa na x86 a daidai lokacin da ake wasa. Duk wanda ya zauna ajin fassara ya san tafinta, kome ƙwarewarsa, yana cin lokaci, kuma akwai maganar da kan gagare shi. Haka muka gani. Wani wasan ya buɗe ya yi tafiya lafiya, wani ya buɗe ya rufe kansa, wani ko buɗewa ya ƙi. Makin da muka yi ta murna da shi da safe bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, domin manhajar awon da harshen kwamfutar take magana kai tsaye, ba ta bi ta hannun tafinta ba.

Sauran abubuwan kuwa na ban dariya ne, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wata manhaja, da yake ta saba da waya a tsaye, sai ta kwantar da hoton allon gaba ɗaya, muka koma kallo da wuya a karkace. Wata ta ce a taɓa ta da yatsa biyu, mu kuwa ɗan ɓeran kwamfuta ɗaya gare mu. Wata ta ce a girgiza na'urar, na dubi akwatin nan mai nauyin buhun siminti rabi, na ce da abokina, "Bisimilla." Ana cikin haka sai aka ɗauke wuta. Ingarma ta yi ɗif, fitilunta suka mutu. Wayata kuwa, wadda ta sha kaye da safe, ita ce ta haska mana ɗaki har muka nemo ashana. Babu wata manhajar awo da ke ba da maki a kan wannan, amma a ƙasarmu wa zai ce ba ƙarfi ba ne?

Kada mai karatu ya ɗauka laifin Android ne ko na kwamfutar. Akumari ba shi da aibu a bayan jaki, ingarma ba shi da aibu a ƙarƙashin sirdi. Haɗin ne mai wuya, har manya ma sun gwada sun bari. Kamfanin Jide ya daina yin Remix OS, wata Android ta kwamfuta, a 2017. Microsoft ma, wanda ya buɗe hanyar sa manhajojin Android cikin Windows 11, ya rufe ta a watan Maris na 2025.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda lamba ke ruɗin mutum, kuma masu ƙera waya sun riga mu sanin haka. A 2013 mujallar AnandTech ta gano cewa wani samfurin Galaxy S4 yana ƙara gudun mazaninsa daga 480 zuwa 532 na megahaz in ya ga an buɗe wasu manhajojin awo, in an rufe su ya koma yadda yake. A 2018 masu 3DMark suka cire wasu wayoyin Huawei daga jerinsu, bayan sun sake wa manhajar suna, wayoyin ba su gane ta ba, maki ya faɗo. A 2022 kuma Geekbench ta cire wayoyin Galaxy daga S10 zuwa S22, saboda wata manhaja da ke rage gudun wasanni amma ta ƙyale manhajojin awo. Wannan fa shi ne mudun da aka buge wa gindi, sai dai an yi shi da ilmi. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, ya lura da irin wannan tun 1975, cewa da zarar an mai da ma'auni abin nema, to ya daina auna gaskiya.

A nan ne maganar ta dawo gida. Mu ma ɗalibai ana auna mu, kuma da lamba ɗaya ake taƙaita shekara huɗu ta rayuwarmu. Dukkanmu mun san mai haddace tsofaffin tambayoyi, ya shiga jarrabawa ya ƙara gudu kamar wayar can, ya fito da maki mai ƙyalli, amma a ce ya rubuta wa hakimin garinsu takarda da Hausa mai kyau, ko ya fassara wa tsohuwa bayanin likita, sai gumi ya karyo masa. Mun kuma san wanda Allah Ya ba ƙwaƙwalwa irin ta katin nan, amma da yake tun firamare da harshen da ba ya ji aka yi ta yi masa magana, sai aka rubuta shi cikin daƙiƙai. Ba ƙarfi ya rasa ba, direba ya rasa. Wannan kuwa aikinmu ne mu masu nazarin harshe, domin in ba mu samar da kalmomi da littattafan da za a yi wa irin wannan yaro magana da su ba, ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya yi mana.

Ban ce a zubar da mudu ba, domin kasuwar da ba awo rigima ce. Ban kuma ce malamanmu su daina ba da maki ba. Abin da nake roƙo shi ne, duk lokacin da aka nuna mana lamba, ko a shagon waya ko a allon sanarwa, mu yi tambaya uku: me aka auna, wa ya auna, me kuma aka bari ba a auna ba? Ɗan'uwa, in za ka sayi waya da kuɗin da mahaifinka ya sayar da amfanin gona ya aiko maka, kada yawan sifiri ya ɗauke maka hankali. Ka riƙe ta a hannu, ka buɗe abin da kai za ka riƙa amfani da shi, ka ji ko tana zafi, ka tambayi wanda ya yi wata shida da irinta yadda batirinta yake. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sa abin da ke cikin kanmu ya fi abin da ke kan takardarmu, amin.