Ƙafar motar kara

Kai mai karatu, ka taɓa tsayawa ka dubi motar da ɗanka ya ƙera da kara da waya? Bari in faɗa maka inda aikin yake. Gangar jiki ba wuya, ko ƙaramin yaro ya iya ta. Ƙafa ita ce aiki.

Ni da sakaina na koya. Ana kafa ƙusa a tsakiya, a ɗaura mata zare, a ɗaura gawayi a bakin zaren, a kewaya. Ga da'ira ta fito. Inda ƙusar ta tsaya, nan za a huda, ba wani wuri ba. In ramin ya kauce ko kaɗan, mota za ta yi ta ɗingishi kamar jakin da ya taka ƙaya. A yanke da wuƙa, a goge baki a kan dutse. Sauran ƙafafu duka a auna su da ta fari.

Sakaina tana fashewa. Shi ya sa na fi son tsohon takalmin roba. Yana da kauri, kuma ƙafa mai faɗi ba ta nutsewa cikin rairayi. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku ma rage iskar taya suke yi, don ta baje bisa rairayi.

Sai taya. A samo tsohuwar robar cikin tayar keke. Kewayen ƙafa ya kai faɗinta sau 3 da ɗan ƙari. Ƙafa mai santimita 5 tana da kewaye kusan santimita 16. Amma a yanki roba ta gaza haka, a ja ta, a ɗinke. Da haka take kamawa. A baya a haɗa ƙafa bibbiyu, kamar na manyan motocin da ke ɗaukar albasa a Galmi.

To, dubi abin da yaron nan ya yi. Ya auna, ya ninka, ya gwada, ba malamin da ya sa shi. Na san uwarsa za ta yi faɗa in ta ga takalminta a yanke, kuma tana da gaskiya. Kai ka ba shi naka da ya tsinke. Wuƙa kuwa, ka zauna kusa da shi ranar da zai fara riƙe ta.