Sule a Kan Hancin Bindiga

Wata uku na yi ina harba bindigar da babu komai a cikinta. Ina ɗan shekara 14 lokacin, kuma ban jin a duk Achika akwai yaron da ya kai ni jin haushin kawunsa.

Kawu maharbi ne. Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da na dame shi da naci sai ya ja ni bayan rumbu, ya zura ƙarfen ɗuri ya nuna mini babu komai ciki, ya sa guntun fata a inda ƙarfen ke sara don kada ya lalace. Sannan ya ciro sule, irin kwabo goman nan da ya zo da canjin kuɗi na 1973, ya ɗora a kan hancin bindigar.

"Auna kullin can na jikin kuka, ka ja kunama. In sulen ya faɗi, ka harbi wanda ba ka nufa ba."

Ya faɗi. Ya yi ta faɗuwa har aka kira magariba.

Kawu ya ce laifin ba na ido ba ne, na tsoro ne. Jiki ya san ƙara na tafe, ya san gindin bindiga zai daki kafaɗa, sai hannu ya riga harbin zabura, hancin ya duƙa. Shi ya sa ake fara koyo babu ƙara, har yatsa ya saba matsawa a hankali, shi kaɗai, sauran hannun na barci. Daga baya yakan juya baya ya miƙo mini ita, ban sani ba ko ya sa albarushi. Ranar da ta ce ƙyas kawai, ni kuwa na runtse ido na zabura, har da hawaye ya yi don dariya.

Kwanan nan na ga a waya wai a Amurka ana sayar da 'yar na'urar da ake maƙala wa bindiga, ta zana maka rawar hannunka. Ba ta burge ni ba. Aikin sulen Kawu take yi, sai dai ita ba ta iya harara.

Wata doka kuma da ba ya ɗaga ƙafa a kanta: yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka ga abin da ka auna, ka kuma san sunansa.

Shekara biyar bayan haka, daren wata Alhamis, na kwana gadin bijimai biyu da za mu kai karar Wudil da safe. Ana ta satar shanu a lokacin, bindigar kuwa a ɗure take. Can tsakar dare na ji motsi a cikin karan dawa, wani abu baƙi na rarrafowa wajen turke. Na ɗaga. Gabana na dukan uku-uku, amma yatsana na miƙe a jikin katako, inda ya saba zama.

Na ce, "Waye?"

Shiru. Na sake tambaya.

"Yaya, ni ne."

Ƙanena ne, ya sato jiki ya je kallon wasa a maƙwabta, yana lallaɓowa kada Baba ya ji. Na ajiye bindigar a ƙasa, na zauna, don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Ko marinsa ban iya yi ba.

Da safe shi ya riƙe igiyar jan bijimin har Wudil.